Wai aikin asibiti aikin lada ne, to da lada ake biyan kuɗin haya?

Shekaran jiya da daddare ina sauraron wani shiri a rediyo, irin wanda ake buɗe layi jama'a su bugo, ana ta maganar yajin aikin ma'aikatan lafiya. Sai wani dattijo ya bugo ya ce shi a ganinsa duk wanda ya shiga aikin asibiti don kuɗi to ya yi ɓatan kai, aikin asibiti aikin lada ne, su ji tsoron Allah su koma bakin aiki. Mai gabatarwa ya ce Allah ya saka da alheri Baba. Waɗanda suka biyo baya kusan duk layi ɗaya suka bi, wata ma cewa ta yi a kore su kawai a ɗebo wasu, ai ga yara nan sun gama karatu suna zaune.

Har aka rufe shirin babu mutum ɗaya da ya tambayi nawa ake biyan mutanen nan, awa nawa suke yi a tsaye, ko da me suke aikin. Abin ya tsaya min a rai.

Ni dai matsayina a fili yake. Yadda muke riƙe ma'aikatan lafiya a ƙasar nan zalunci ne, kuma kalmar nan ta "aikin lada" ita ce mayafin da gwamnati take lulluɓe zaluncin da shi, mu kuma talakawa muna taya ta riƙe bakin mayafin ba mu sani ba. Kuma wanda ya fi kowa shan wahalar ba likitan da muke gani da mota ba ne, na can ƙasa ne, waɗanda ko yajin aikin ma in sun yi ba wanda zai ji labari.

Su waye ma tukuna

Da an ce ma'aikacin lafiya sai hankalinmu ya tafi kan likitan asibitin koyarwa. Amma mutumin ƙauye zai iya haihuwa, ya girma, ya mutu bai taɓa zama gaban likita na gaske ba. Wanda yake kira "likita" yawanci wani matashi ne ko wata baiwar Allah da suka yi karatun CHEW, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, na shekara 3 a makarantar koyon aikin lafiya, aka tura su ƙaramin asibiti na matakin farko, irin wanda muke ce wa sha-ka-tafi. Sai ungozoma, sai masu rigakafi da ke bi gida-gida, sai duba-gari, sai jami'in da ke bin diddigin annoba a ƙaramar hukuma wanda duk inda aka ce amai da gudawa ya ɓarke shi ne zai hau babur ya fara zuwa. Waɗannan su ne kiwon lafiyar jama'a a ƙasar nan, saura duk a bayansu suke.

Gwamnati ma ta san da haka. A 2014 ta fito da tsarin da ya ba wa irin su CHEW damar yin wasu ayyukan da a da sai nas ko ungozoma mai shaida, har da karɓar haihuwa, saboda babu isassun ma'aikata. Tsarin ba laifi, dole ce ta kawo shi. Sai dai an ƙara musu aiki ne kawai, ba a ƙara musu hannu ba.

Ina da 'yar uwa da ke aiki a irin wannan asibiti a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Na taɓa kai mata saƙo da yamma, magariba ta yi min a can, sai ga mota ta kawo mai naƙuda. Babu wuta, solar da aka saka batirinta ya mutu tun bara, janareta kuma babu mai. Ita kaɗai ce, sai wata dattijuwa mai shara da ke taimaka mata. Na ga ta ciro wayarta ta kunna fitila ta miƙa wa uwar mijin mai naƙudar ta ce "Iya riƙe min nan, kar ki motsa." Safar hannu daga cikin jakarta ta ɗauko, da kuɗinta ta saya a kemis. Ruwan da za ta wanke hannu ɗan garuwa ne ya kawo da rana ta biya shi. Da aka sauka lafiya mijin ya kawo mata ƙwan zabi a leda yana ta godiya, ta karɓa tana dariya, ta koma kan benci ta fara cike rajista, don gobe da sassafe ranar awo ce kuma ita ce dai za ta yi.

To wannan 'yar uwa tawa ba ta da albashi. 'Yar sa-kai ce. Ta gama karatu, an ce babu ɗaukar aiki, ta je tana yi kyauta da fatan ranar da za a ɗauka a tuna da ita, ɗan abin da in-chaji ya tsakura mata a ƙarshen wata bai kai kuɗin motarta ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce, ka shiga duk ƙaramin asibitin da ka ga dama a Arewa ka tambaya cikin masu fararen kayan nan su nawa ne ke da lambar albashi, amsar za ta ba ka mamaki. In kuma aka tashi ɗauka sai ka ji an kawo sunaye daga sama, 'yar wane da ƙanin wane, su kuma da an ba su takarda sai su nemi canjin wurin aiki zuwa cikin birni.

"Ai aikin lada ne"

Lada ne mana, wa ya musa. Limanci ma aikin lada ne, alƙalanci ma haka, shugabanci kuwa in an yi adalci ya fi su duka lada, amma ban taɓa jin an ce wa ɗan majalisa ya haƙura da alawus ya jira na lahira ba. Addinin da muke fakewa da shi ɗin nan shi ne ya ce a ba wa ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe. Ladan 'yar uwar tawa yana tsakaninta da Ubangijinta, albashin kuma yana tsakaninta da gwamnati, ɗaya ba ya biyan bashin ɗaya.

Ku duba kuɗin da ake ce wa alawus na haɗari. Shekara da shekaru naira 5,000 ne a wata, ko kai babban likita ne ko nas. Da wannan 5,000 ɗin aka shiga Ebola a 2014, lokacin da Dakta Stella Adadevoh ta hana mutumin nan ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, wanda ya shigo da cutar, fita daga asibiti a Legas, ta ɗauki cutar ta rasu a watan Agusta na shekarar. Da 5,000 ɗin dai aka shiga Janairun 2020, lokacin da zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a asibitin Malam Aminu Kano bayan an yi wa wata mai juna biyu tiyata ba a san tana ɗauke da cutar ba. Sai a ƙarshen 2021, bayan korona da yaje-yajen aiki, aka ɗaga shi zuwa tsakanin 15,000 da 40,000 gwargwadon matakin mutum. Shi ma na ma'aikatan tarayya ne, jiha sai ta ga dama ta bi, ma'aikacin ƙaramar hukuma kuwa sai dai ya ji a rediyo. Daga baya aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa, ƙarin ya narke.

Ba cuta kaɗai ba ce haɗarin. Ranar Juma'a 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe mata 9 masu aikin rigakafin shan inna a Kano, a Filin Kashu da Hotoro. Matan da kowa ya san kamanninsu ne, hijabi, ɗan akwatin sanyi a rataye a kafaɗa, alli a hannu suna rubutu a bangon gida, suna shafa wa yaro tawada a ɗan ƙaramin yatsa. A wani gidan a zage su, a wani a saka musu kare, a wani maigida ya ce sai an gyara masa kwata kafin ya fito da 'ya'yansa, kamar su ne ciyaman. A Maris 2018 aka sace Saifura Khorsa da Hauwa Liman a Rann ta jihar Borno, ungozomomi ne da ke aiki da Red Cross, aka kashe ɗaya a Satumba ɗaya a Oktoba. A ƙarshen Disambar 2023 aka shiga gidajen ma'aikata na asibitin ido na ƙasa da ke Kaduna aka ɗauke Dakta Ganiyat Popoola, ta yi wata 10 a hannun masu garkuwa.

Ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, manya sun yi jawabi an tafa musu. Ƙafafun da suka taka lungunan kuwa har yau sai an gama zagayen rigakafi da makonni suna ta duba waya ko alat ya shigo.

"Amma fa nas-nas ɗin nan ba su da mutunci"

Wannan ita ce maganar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. Akwai wulaƙanci a asibitocinmu, musamman ɗakin haihuwa. Mace tana cikin ciwo a daka mata tsawa, a gaya mata maganar da ko kishiya ba za ta gaya mata ba. Mata da yawa da ke haihuwa a gida ba jahilci ne ya zaunar da su ba, tsoron bakin nas ne. Akwai masu sayar da maganin da aka ce kyauta ne, akwai wanda sunansa na kan rosta shi kuma yana kemis ɗinsa, akwai likitan da zai ce ka same shi a asibitinsa na kuɗi da yamma. Duk wanda aka kama a hukunta shi, ba na roƙa masa afuwa.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar da ta shiga makarantar nas tana da shekara 18 ba da mugun hali ta shiga ba. Ka ajiye ta ita ɗaya a wodi cike da gadaje har da na ƙasa kan tabarma, daga takwas na dare zuwa takwas na safe, wannan ruwansa ya ƙare, wancan yana jijjiga, 'yan jinya goma suna kiran "Sista, Sista" lokaci guda, babu iskar oksijin, ta rubuta magani an je an dawo babu kuɗin saya, yaro ya mutu a hannunta a kan abin da ta san naira dubu kaɗan za ta iya tsayar da shi. Ba wanda zai ce mata zauna ki huta, ko ya tambaye ta ya kika ji. Za ta cire masa allurar hannu, ta rufe shi, ta juya kan na gaba. In dangin mamacin masu zafin kai ne ma ta sha mari, don ita ce a kusa, kwamishina yana gida yana barci. Ka yi mata haka shekara 10 ka ga abin da zai rage na tausayin.

Mu Hausawa ba mu cika yarda akwai gajiyar da ba ta jiki ba. In mutum ya ce zuciyarsa ta gaji sai a ce ya yi istigfari. Amma duk mai ɗan uwa a aikin nan ya san alamun, ta dawo gida ba ta son magana da kowa, yara sun yi ƙara kaɗan ta hau su da faɗa, barci ba ya zuwa sai da ƙwaya, hawan jini tun ba a kai arba'in ba. Wasu auren ma a kan diyutin dare yake mutuwa, miji ya ce ko ni ko aikin.

Don haka in ana son gyara halin nas, horo da hukunci suna da muhimmanci, amma a fara da ƙara mata abokiyar aiki. Mutum biyu a wodi sun fi taron bita goma a otal.

"Yajin aiki talaka yake kashewa"

Gaskiya ne, kuma shi ya sa ni ma ba na murna da shi. Mai kuɗi yana da asibitin kuɗi, mai mulki yana da Landan da Dubai da Alƙahira, wanda ke kwance a barandar asibitin gwamnati shi ne ke biya. Ina ma ganin ƙungiyoyin nan suna da laifin da ba su so a faɗa, rigimar fifiko tsakanin likitoci da 'yan JOHESU, gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba, wannan ya samu ƙari wancan ya tafi yaji don shi ma a daidaita shi, ta cinye ƙarfin da ya kamata su haɗa su tunkari gwamnati da shi. Kuma ban cika jin ɗayansu ya rufe asibiti a kan 'yan sa-kai na ƙauye ba.

Amma a duba abin da ake yajin a kai. Da nas-nas suka tafi na gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, cikin buƙatunsu akwai alawus na aikin dare, kuɗin yunifom, da a ɗauki ƙarin ma'aikata. Likitoci masu neman ƙwarewa kusan kullum maganarsu ɗaya ce, bashin albashi, kuɗin horo, da a maye gurbin waɗanda suka tafi. Yawanci ma ba sabon abu suke nema ba, wanda aka riga aka sa hannu a kai ne aka ƙi cikawa. Gwamnati ce ta koya musu cewa wasiƙa ba ta aiki, wa'adin kwana 21 ba ya aiki, sai an kulle ƙofa sannan minista zai kira taro da tsakar dare. Wanda ya sa hannu ya saɓa shi ne ya kamata a fara kira a rediyo a ce ya ji tsoron Allah.

"Babu kuɗi, kowa ma wahala yake sha"

E, malamin firamare yana sha, ɗan sanda yana sha. Wahalar wani ba ta zama hujjar a bar wani a ciki ba. A Afrilun 2001 a Abujar nan tamu shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba, tana ta yawo a wajajen kashi 5. Wasu jihohin suna rubuta 15 ɗin a takarda, a tafa musu, amma rubutawa daban sakin kuɗin daban.

Ɗan abin da aka saki kuma gini yake tafiya. Kowane gwamna yana son asibitin da zai yanke ƙyalle a buɗe, a shafa fenti, a kafa allo da hotonsa, don gini akwai kwangila a ciki kuma ana ganinsa a talabijin, albashin ungozoma kuwa duk wata ne kuma ba ya ɗaukar hoto. Shi ya sa za ka wuce sabon asibiti fes a gefen titi, ƙarfe biyu na rana an sa kwaɗo, awaki suna kwance a baranda.

An ma taɓa gwada abin kirki. A 2009 aka fito da shirin tura ungozomomi karkara, aka raba nauyin albashinsu gida uku, tarayya naira 30,000 a wata, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 da wurin kwana. A wurare da yawa na tarayya ne kawai ke zuwa, shi ma da jinkiri, jiha da ƙaramar hukuma suka yi kunnen uwar shegu, ɗakin kwanan babu, matan suka tattara suka koma gida ɗaya bayan ɗaya. Ba tsari muka rasa ba. Yanzu ma akwai asusun lafiya na matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, kuma tun Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa ba wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ina jiran in ga ciyaman ɗin da zai fara da biyan masu aikin sa-kai na asibitocinsa kafin ya sayi motocin kansiloli.

Masu guduwa

A 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara 5, waɗanda suka rage kimanin 55,000 ne, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kaso mai tsoka na cikinsu suna Legas da Abuja. Hukumar nas-nas ta ce sama da 15,000 sun fita a 2023 kaɗai. Shekaru kaɗan kafin nan, a 2019, ministan ƙwadago na lokacin Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, cewa ya yi muna da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. To sun ji maganarsa, Ingila, Saudiyya, Kanada.

Da abin ya ci tura sai dabarar ta koma ta ɗauri. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai ya kawo ƙudirin a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi shekara 5 yana aiki a gida, a 2024 kuma hukumar nas-nas ta ce sai ka yi shekara 2 kafin ta tantance maka takardun fita. Na fahimci masu cewa da kuɗin talaka aka koyar da su, kuma in jiha ta ɗauki nauyin karatun mutum aka yi yarjejeniya to wallahi ya cika, wannan amana ce. Amma wanda ka riƙe da ƙarfi a wodin da babu wuta babu safar hannu, jikinsa kawai ka riƙe, kuma a kan majinyaci zai huce.

Sannan duk wannan hayaniyar a kan masu fasfo ake yi. Akwai wata guduwar da ba ta shiga lissafin minista, ta ungozomar da ta bar ƙauye ta dawo birni saboda hanyar ta zama ta 'yan bindiga, ta jami'in rigakafin da ya koma aiki da ƙungiyar agaji don can ana biya a kan lokaci, ta 'yar sa-kan da ta gaji ta ajiye farar riga ta kama sayar da atamfa a WhatsApp. Su ba sa buƙatar tantancewar kowa, ba dokar da za ta tare su. In suka tafi ba a turo wani, aikin sai ya koma hannun yaron kemis na bakin kasuwa da ya koyi allura a wajen ogansa, shi ke ɗaura ruwa, shi ke rubuta magani, shi ke cewa taifot ne da maleriya ko me ka zo da shi.